Me Ya Sa Wata Jita Ke Da Tauri, Wata Kuma Laushi?

Kwanakin baya mun leƙa wani ɗaki a zango inda wasu samari suke gwajin kiɗa, suna shirin wani biki. Biyu daga cikinsu suna riƙe da jitar lantarki. Da aka ɗan tsaya shan ruwa sai suka yi musaya, kowa ya karɓi ta ɗan'uwansa don ya ji yadda take. Ba a yi minti biyu ba sai ɗayan ya ce, "Kai, abokina, wannan taka ai kamar auduga! Tawa kuwa sai ka ce wayar shinge nake dannawa." Abin mamaki shi ne rana ɗaya suka sayi tsirkiyoyin, a shago ɗaya, lamba ɗaya, kuma sun ɗaure su a kan sauti ɗaya. Nan take mai jitar da ke da tauri ya ce lallai cutarsa aka yi, kuma gobe zai mai da ita kasuwa ko da faɗuwa zai yi.

Mun roƙe shi ya dakata tukuna. Jita ba abin araha ba ce a wurinmu, yawancin samarinmu sai sun yi watanni suna tari kafin su mallaki ko da ta gwanjo. Kuma mun sha ganin yaro mai basira ya jingine koyon kiɗa baki ɗaya saboda yatsunsa sun yi kanta, yana zaton shi ne ba shi da hannu, alhali kuwa laifin na 'yan milimita biyu ne da za a iya gyarawa kafin shayi ya huce. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Taurin tsirkiya ma yana da dalilai, kuma duk sanannu ne. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu baje su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita sunaye don kada mu ruɗe. Abin da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jita za mu kira shi jaki, kamar yadda makaɗan goge da garaya suke kiran nasu. Ɗan ƙashi ko robar nan mai tsaga shida da ke ƙarshen wuya, kusa da kan jita, za mu kira shi matashi. 'Yan ƙarafan da aka gicciya a tsawon wuya su ne matakai, kuma duk mataki ɗaya da yatsa ya matsa, sauti ya hau mataki ɗaya ke nan. Abubuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya kuwa kunnuwa ne.

Abubuwa uku

Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana aiki ya riga ya san rabin wannan ilimi. Idan ya matse igiyoyin a hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. Idan ya saki, ta sauko. Haka tsirkiya take. Tun a shekarar 1636 wani masani ɗan Faransa mai suna Marin Mersenne ya rubuta ƙa'idar abin, kuma har yau ba ta canja ba. Ƙarfin da tsirkiya take ja da shi ya rataya ne a kan abubuwa uku kacal: tsawonta daga matashi zuwa jaki, nauyinta, da kuma sautin da aka ɗaure ta a kai. Idan aka ƙara ɗaya daga cikin ukun nan, ja ya ƙaru. Idan ukun nan daidai suke a jita biyu, to ja ɗin ma daidai yake, ko da ɗaya da zinariya aka yi mata ado ɗaya kuma da katakon akwati aka ƙera ta.

Wannan ja ba ƙarami ba ne. Jerin tsirkiyoyi shida masu lamba 10, irin waɗanda aka fi sayarwa, idan aka ɗaure su yadda aka saba a jita mai cikakken tsawo, suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 46. Wato saura kaɗan ya kai buhun siminti, kuma dare da rana siririn katakon nan yake ɗauke da shi.

Amma a nan akwai wani abin lura wanda shi ne kan maganarmu. Ƙarfin da tsirkiya take ja daban, taurin da yatsa yake ji kuma daban. Na farkon lissafi ne. Na biyun ya haɗa da lissafin, ya kuma haɗa da yadda aka saita jitar. Za mu fara da lissafin.

Tsawo

Manyan kamfanoni biyu na Amurka, Fender da Gibson, su ne suka kafa ma'aunin da kusan kowa yake bi. Fender Telecaster da Stratocaster, wadda ta fito a 1954, suna da tsawon inci 25 da rabi daga matashi zuwa jaki, wato milimita 648. Gibson Les Paul ta 1952 da SG ta 1961 suna da kimanin inci 24 da kashi uku cikin huɗu, wato wajen milimita 628. Akwai kuma gajeru irin su Fender Jaguar ta 1962, mai inci 24, milimita 610. Kamfanin PRS ya zaɓi tsakiya ga yawancin jitocinsa, inci 25. Jitocin da suke isowa kasuwanninmu, na Japan ne ko na Koriya ko Sin ko Indunusiya, galibinsu kwaikwayon ɗaya daga cikin waɗannan ne, saboda haka ma'aunin ya shafe su.

Bambancin milimita 20 kamar ba komai ba ne, amma lissafin Mersenne yana ninka tsawo sau kansa. Sakamakon haka, tsirkiya iri ɗaya a sauti ɗaya tana ja da ƙarin kimanin kashi 6 cikin 100 a kan Stratocaster idan aka gwada da Les Paul, da kuma ƙarin kimanin kashi 13 idan aka gwada da Jaguar. Wancan kilo 46 da muka ambata zai sauko zuwa wajen 43 a kan Les Paul. Wannan shi ne dalili na farko a ɗakin samarin nan: ɗaya yana riƙe da mai siffar Stratocaster, ɗayan mai siffar Les Paul.

Tsawo yana kuma shafar buɗewar yatsu. Daga matashi zuwa mataki na 4, doguwar jita tana da kimanin milimita 134, ta Gibson kuma 130, Jaguar 126. Ga babban mutum mai dogayen yatsu wannan ba abin damuwa ba ne, amma ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ko wadda hannunta ƙarami ne, milimita takwas suna iya raba mai jin daɗin koyo da mai shan wuya.

Wanda yake son sanin tsawon tasa, ya ɗauki tef ɗin tela ya auna daga matashi zuwa ƙarfen mataki na 12, ya ninka biyu. Idan ya sami milimita 324 kafin ninkawa, doguwa ce. Idan 314 ne, irin ta Gibson ce. Wannan kaɗai daga cikin abubuwan da za mu lissafa shi ne ba ya gyaruwa, da shi aka haifi jitar.

Kauri

Lambar da ake rubutawa a jikin fakiti tana nufin kaurin tsirkiya ta farko, wato mafi siranta, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Lamba 9 tana da kaurin milimita 0.23, lamba 10 tana da 0.25, lamba 11 kuma 0.28. Ido ba zai iya bambanta su ba, amma yatsa yana iyawa. A doguwar jita, siririyar lamba 9 tana ja da kusan kilo 6, ta lamba 10 ta ɗara kilo 7, ta lamba 11 kuwa ta kusa kilo 9. Idan aka haɗa duka shidan, jerin lamba 9 yana wajen kilo 38 zuwa 39, na lamba 10 wajen 46, na lamba 11 kuma ya haura 50.

To jama'a, a duba da kyau. Tsakanin Fender da Gibson kashi 6 ne cikin 100. Tsakanin lamba 9 da lamba 10 kuwa, a siririyar tsirkiya, ya fi kashi 20. Ma'ana, sauya fakitin tsirkiya ya fi sauya jita tasiri har sau uku, ga shi kuma kuɗinsa bai kai ko kusa ba. Wasu kamfanoni ma suna yin lamba 9 da rabi domin masu son tsaka-tsaki.

Ba tun farko aka sami wannan zaɓi ba. A shekarun 1950 tsirkiyoyin jitar lantarki masu kauri ne, lamba 12 ko 13, kuma ta uku naɗaɗɗiya ce, mai wuyar turawa. Makaɗa irin su James Burton, wanda daga baya ya yi wa Elvis Presley kiɗa, sai suka riƙa aron siraran tsirkiyoyin banjo suna ɗaurawa don su sami damar tura tsirkiya gefe, sauti ya hau kamar muryar mai kuka. Wani mai shagon kayan kiɗa a Kalifoniya, Ernie Ball, ya ga samari suna wannan dabara, sai ya fara haɗa jerin sirara a fakiti ɗaya a farkon shekarun 1960, ya sa musu suna Slinky. Daga nan abin ya zama ruwan dare.

Akwai wani zance da yake yawo a tsakanin matasan makaɗa, cewa namijin makaɗi sai da tsirkiya mai kauri, kuma sauti mai nauyi ba ya samuwa sai da ita. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Stevie Ray Vaughan na Teksas, wanda ya rasu a 1990, don ya shahara da amfani da lamba 13. Gaskiya ne ya yi hakan. Amma Billy Gibbons na ƙungiyar ZZ Top, wanda babu mai cewa sautinsa ba shi da nauyi, ya sha ba da labarin cewa B.B. King ne ya taɓa jitarsa ya ji taurinta, ya tambaye shi dalilin da ya sa yake wahalar da kansa haka. Tun daga nan ya koma lamba 8, daga baya har 7. Mai kauri tana jure duka mai ƙarfi ba tare da sauti ya karkace ba, kuma tana da wata cika a murya. Siririya tana da saurin biyayya, amma mai nauyin hannu yana iya danne ta fiye da kima har sautin ya hau. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ƙirar tsirkiya ma tana da nata. Manyan tsirkiyoyi uku na sama suna da wayar ƙarfe a ciki wadda ita ce ke ɗauke da ja, sannan aka naɗe ta da wata don a ƙara mata nauyi. Akwai naɗi mai gurje-gurje, wanda shi aka fi sani, akwai kuma mai santsi wanda makaɗan jaz suke so. Mai santsin yakan fi ja da tauri ko da lambarsu ɗaya, domin ƙarfen da ke jikinsa ya fi yawa.

Sauti

Abu na uku shi ne inda aka ɗaure tsirkiyar. Duk mataki ɗaya da aka hau da sauti, ja yana ƙaruwa da kimanin kashi 12 cikin 100. Duk mataki ɗaya da aka sauko, yana raguwa da kimanin kashi 11. Wannan ya fi duk bambancin da ke tsakanin Fender da Gibson, kuma kyauta ne, murɗa kunne kawai. Jimi Hendrix ya yawaita sauko da jitarsa mataki ɗaya, haka ma Vaughan da muka ambata, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ya iya jure lamba 13.

Labarin da ya fi kowane nuna amfanin wannan shi ne na Tony Iommi, makaɗin Black Sabbath na birnin Birmingham a Ingila. Yana ɗan shekara 17, yana aiki a masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kawunan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman yake danna tsirkiya. Maimakon ya haƙura, sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun huluna, ya nemi tsirkiyoyi mafi siranta har da na banjo, sannan a faifansu na 1971 ya sauko da jitar matakai uku a wasu waƙoƙi. Wannan ya rage ja da kusan kashi 30 cikin 100. Abin da ya yi don ya rage wa yatsunsa zafi shi ne ya haifar da wannan murya mai duhu da dubban makaɗa suka kwaikwaya bayansa.

Darasin da ke nan gare mu shi ne: da yawa daga cikin samarinmu da kunne suke ɗaure jita, ba tare da wani ma'auni ba. Kullum ana ɗan ƙarawa, har a wayi gari jitar tana sama da inda ya kamata da mataki ɗaya ko biyu, mai ita bai sani ba. Hawa matakai biyu ƙarin kashi 26 ne cikin 100. Sai tsirkiya ta yi ta tsinkewa, wuya ya lanƙwashe, yatsu su yi ta ciwo. Yanzu da ake samun ma'aunin sauti har a cikin wayar hannu, babu sauran uzuri.

Makaɗan nahiyarmu sun daɗe da sanin wasa da waɗannan abubuwa. A kiɗan rumba na Kwango akwai salon da ake cire tsirkiya ta huɗu mai kauri, a maye gurbinta da siririya, a ɗaure ta can sama, sai jitar rakiya ta riƙa ƙara kamar ƙararrawa. A Kamaru kuwa, masu kiɗan bikutsi sukan saƙa zare ko su cusa soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da jaki domin jita ta yi muryar balafon. Wannan ba ya taɓa ja, rawar tsirkiyar kawai yake taƙaitawa. A hamada kuma, Ibrahim ag Alhabib na Tinariwen da Mdou Moctar na Nijar duk da wayar birkin keke suka haɗa jitarsu ta farko. Wanda ya koyi kiɗa a kan wayar birki, ba lamba 11 ce za ta ba shi tsoro ba.

Tazara da lanƙwasar wuya

Yanzu sai mu zo ga abubuwan da ba sa canja ja ko kaɗan amma suna canja abin da yatsa yake ji. Babba a cikinsu shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da matakai. Duk lokacin da aka danna tsirkiya, ana miƙa ta ne kaɗan. Idan tana nesa da wuya, tafiyar ta yi tsawo, ƙarfin da ake buƙata ya ƙaru, sautin ma ya ɗan hau fiye da yadda ake so. A jitar lantarki da aka saita da kyau, tazarar a mataki na 12 takan kasance tsakanin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Da muka auna ta saurayin nan mai niyyar sayarwa, mun sami kusan milimita huɗu. Nan ne babban ciwon yake.

Abubuwa uku ne suke kawo wannan. Ko jaki ya yi tsawo, wanda ake saukarwa da 'yan sukurorin da ke jikinsa. Ko tsagar matashi ba ta yi zurfi ba, abin da ya zama ruwan dare a jitoci masu araha, kuma alamarsa ita ce matakai uku na farko su fi ko'ina wuyar dannawa. Ko kuma wuyan ne ya lanƙwasa gaba kamar baka saboda jan tsirkiyoyi. Domin maganin wannan na ƙarshe ne Gibson ya fara sa sandar ƙarfe mai noti a cikin wuya tun farkon shekarun 1920, kuma yau kusan kowace jitar lantarki tana da ita. Hanyar dubawa ita ce a danne babbar tsirkiya a mataki na farko da na ƙarshe lokaci guda, a duba ratar da ta rage a wajen mataki na 7 ko 8. Ya kamata ta kasance kaɗan, kamar kaurin siririyar tsirkiya. Idan ta yi yawa, a ɗan ƙara ɗaure notin. Amma muna gargaɗi: kada a wuce kwata na juyi a lokaci guda, kuma idan notin ya ƙi motsi kada a tilasta masa. Sandar da ta karye a cikin wuya ta fi ƙarfin yawancin masu gyaranmu.

Tsayin matakai da siffar fuskar wuya su ma suna da hannu. Idan ƙarafan dogaye ne, yatsa ba ya gogar katako, yana samun wurin kama tsirkiya ya tura ta, sai a ji kamar ta yi laushi. Idan sun cinye saboda tsufa, kamar yadda muke gani a jitocin gwanjo, sai komai ya yi tauri. Fuskar wuya kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da ɗan doro. Tsofaffin Fender doronsu ya fi tashi, na Gibson ya fi kwanciya. A mai doro sosai, idan tsirkiya tana ƙasa-ƙasa aka tura ta gefe a can saman wuya, sai ta haɗu da ƙarfen gaba sauti ya mutu, dole a ɗaga ta, ɗagawar kuma ta jawo tauri.

Rarar tsirkiya da jaki mai lilo

Tsirkiya ba a matashi take ƙarewa ba, tana wucewa har zuwa kunne. A wasu jitoci ma tana wuce jaki da ɗan nisa kafin ta isa inda aka kafe ta. Wannan rarar ba ta fitar da sauti, amma idan aka tura tsirkiya ita ma tana miƙewa, tana ba da kai. Saboda haka jita mai doguwar rara takan fi laushi a yatsa. Sai dai akwai biya: tun da ƙarfin ya rabu a kan tsawo mai yawa, sai an tura tsirkiyar da nisa kafin sauti ya hau inda ake so. A Stratocaster, da yake kunnuwa shida a jere suke gefe ɗaya, siririyar tsirkiya ce ke da rara mafi tsawo, babbar kuma mafi gajarta. Hendrix, da yake bahago ne yana juya jitar masu hannun dama, nasa ya zama akasin haka.

Wannan rarar ba ta aiki sai tsirkiya tana zamewa a cikin tsagar matashi ba tare da ta maƙale ba. Idan ana jin wani ɗan "ƙis" lokacin murɗa kunne, to tana maƙalewa. A goga bakin fensir a cikin tsagar, baƙin nan nasa yana aiki kamar man shafawa.

Sai kuma jaki mai lilo, wanda yake da hannun ƙarfe da ake dannawa sauti ya yi rawa. A Stratocaster, idan aka buɗe murfin baya za a ga sifirin, galibi uku, ko da yake akwai wurin biyar. Su ne suke jan jaki baya yayin da tsirkiyoyi suke jansa gaba, kamar masu jan igiya biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Idan aka tura tsirkiya ɗaya, sifirin ya ɗan saki, jaki ya sunkuyo, sai a ji laushi, amma sauran tsirkiyoyin su ɗan sauko, kuma sai an ƙara nisan turawa. Wanda ya sauya daga lamba 9 zuwa 11 a irin wannan jita ba tare da ya ƙara ɗaure sifirin ba, zai ga jakin ya ɗago sama, tazara ta ƙaru, taurin ya ninku. Wanda ba ya amfani da hannun lilon yana iya yin abin da Eric Clapton yake yi wa nasa, wato ya cusa guntun katako a baya ya kafe jakin.

Damina da hunturu

Masu ƙera waɗannan jitoci ba su yi su da yanayinmu a zuciya ba. Katako yana shan danshi ya kumbura, yana bushewa ya tsuke. Jitar da aka saita a Ankara, bakin teku, idan aka hau da ita Tamale ko Bawku a tsakiyar hunturu, cikin 'yan kwanaki wuyanta zai iya motsawa, tazara ta canja, har bakin ƙarafan matakai su fito gefe suna yankar hannu saboda katakon ya tsuke ya bar su. Da damina kuma gumi da danshi suna sa tsirkiya tsatsa. Tsirkiya mai tsatsa ba ta ƙara ja ba, amma tana kama fata, yatsa ba ya zamewa, sai a ji ta yi tauri. Maganin shi ne a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, a ajiye jita a cikin jakarta, kada a bar ta a rana ko a bayan mota, kuma a duba wuyanta sau biyu a shekara, lokacin da yanayi ya juya.

Wani kuskure da muke yawan gani, saboda ƙarancin kaya a wasu garuruwa, shi ne ɗaura duk tsirkiyar da aka samu. Jerin da aka yi domin jitar katako mai rami yakan fara ne daga lamba 12, kuma jansa yana haura kilo 70. Ban da wahalar da wuya, naɗinsa na tagulla ne, maganaɗisun jitar lantarki kuwa ba ya jin tagulla, saboda haka manyan tsirkiyoyin za su yi rauni a lasifika. Ta roba kuwa ba zai ji ta ba sam. Haka nan kada a kuskura a ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka yi domin ta roba, yin haka yana iya ɓamɓare jakin daga jikinta.

Kafin a kai ta kasuwa

Ga shawararmu ga duk wanda jitarsa take ba shi wuya, kuma a bi ta a jere, daga mai araha zuwa mai tsada. Da farko a tabbatar da ma'auni cewa ba a ɗaure ta sama da kima ba. Na biyu a auna tazara a mataki na 12, a duba lanƙwasar wuya da zurfin matashi, idan abin ya fi ƙarfin mutum ya kai wa wanda ya iya. Na uku a sauko da lamba ɗaya a fakiti na gaba, a sake saita wuya da jaki bayan sauyin. Na huɗu, idan mawaƙin ƙungiya ya yarda, a gwada sauko da kowa mataki ɗaya, sau da yawa ma muryarsa za ta gode. Sai an yi duk waɗannan ba a sami sauƙi ba sannan a fara tunanin jita mai gajeren wuya. Wanda kuma zai saya sabuwa, ya tafi da tef ɗinsa, ya zauna ya kaɗa ta na ɗan lokaci a shagon, kada ya bar fenti da sunan da ke kanta su ruɗe shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga iyaye da malaman da suke koya wa yara, muna roƙon kada a ce wa yaro ya daure kawai. Ɗan zafi a kan yatsu a makonnin farko dole ne, har fata ta yi kanta. Amma ciwon da yake shiga wuyan hannu ko gwiwar hannu alama ce ta cewa ana yin ƙarfin da bai kamata ba, kuma jitar ce ya kamata a fara dubawa.

Shi kuwa saurayin namu, an ɗan ɗaure masa sandar wuya, aka saukar da jaki, ya sayi fakitin lamba 9. Abin da ya kashe duka bai kai kuɗin motar zuwa Kumasi da dawowa ba. Ranar bikin da ita ya yi kiɗa har gari ya kusa wayewa, kuma da abokin nasa ya nemi su sake musaya, cewa ya yi kowa ya riƙe tasa.

Masu karatu da suke da tambaya a kan wannan, ko wata dabara da suka gwada ta yi musu aiki, ƙofarmu a buɗe take, a rubuto mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.